Bangon Kicin Mai Zufa

Maigida ya sake shafa bangon kicin, tafinsa ya fito a jiƙe.

"Ai na faɗa maka, Baban yara," in ji matarsa. "Ka toshe kafar iska, ta ina danshi zai fita?"

Saboda sauro ya cike tsohuwar kafar da siminti, ga shi fenti ya fara ɓarewa. Ba makawa gobe magini ya zo ya fasa ta.

Da rana ya dawo ɗaukar makullin da ya manta. Sai ga matar tasa da buta, tana yi wa bango wanka.

Ko gezau ba ta yi ba.

"To me? Rigimar maƙwabta da nake ji ta kafar nan ta kai wurin daɗi, ka zo ka kashe mini rediyo."