Dattijon da Ke Riƙe Doki

Wata la'asar a Kano, ina yarinya, ni da Baba muna kallon tsohon fim ɗin kaboyi. Ya nuna wani dattijo da ke riƙe wa jarumi doki.

"Wannan babu fim ɗin da ba ya ciki," in ji shi. "Rannan ma shi ne likita."

Na yi dariya. "Wa ya san sunansa? Kamar kai ne a ofis, Baba." Masinja ne Baba a can.

Ya gyara hularsa.

Ɗazu a ɗakina na Panyu, nan ƙasar waje, fuskar dattijon ta fito cikin wani fim a wayata. Na bi sunayen ƙarshen fim ɗin har na samo nasa. Baba ya rasu, ba ni da wanda zan gaya wa.