Birki Ne Ya Ƙi

Saura lanƙwasa ɗaya tseren ƙananan motocin ya ƙare, tsohon ya waiwaya ya ga jikarsa ta manne masa kamar kaska.

Sau uku yana cin kambun tseren motoci na Italiya, bai taɓa ba kowa hanya ba, ko da ƙaninsa ne. Amma da safe 'yarsa ta ja masa kunne: "Baba, shekararta sha ɗaya fa. Ta rantse in ka sake kayar da ita ta bar tsere har abada. Kai kuma ka nemi mai dafa maka taliya."

Allah ya sani ya yi niyyar sassautawa, ƙafarsa ce ta ƙi. Ya toshe hanyar.

Sai ya ji gwaf! Yarinyar ta cusa hancin 'yar motarta ta bangaje shi. Ya yi juyi biyu ya afka cikin tarin tayoyi, ita kuwa ta wuce abinta.

Da ta dawo, ya harare ta. "Ke, ja'ira, da gangan kika yi?"

"Haba Kaka, birki ne ya ƙi."

Ya yi dariya har da hawaye. Shekara ashirin yana shara wa alƙalan tsere wannan ƙaryar, amma shi yakan ƙifta ido, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba.