Dabbar Bakin Rafi

Auta ya shiga ofishin manajan gandun daji da irin saurin da ya sa ya ture kujerar baƙi. Shekarunsa goma sha bakwai, ya gama makaranta, ya kuma rantse ba zai ƙare a shagon mahaifinsa yana auna ƙusoshi ba. Aikin daji yake so: malafa, takalmin sojoji da bindiga a kafaɗa. Musamman bindigar.

Manaja ya ƙare masa kallo. "Babu gurbi. Ko da akwai, wanda bai kai sha takwas ba ba ya riƙe bindiga a nan. Je ka ƙara girma."

A gida ma bai sami mai goya masa baya ba. Baba ya tuna masa ranar da ya harbi kunnen kansa da danƙo. Inna ta ce in daji yake so, ga ciyawar bayan gida nan ta kai gwiwa. Kawunsa mai facin taya kaɗai ya saurare shi. Kawu bai taɓa kwana a daji ba, amma babu abin da bai sani ba a kansa, domin direbobi suna ba shi labari yana yi musu faci.

"Ba a fafe gora ranar tafiya, ɗana," in ji Kawu. "Ka fara atisaye tun yanzu. Ranar da gurbi ya buɗe, su same ka a shirye."

Ya haɗa masa kaya a buhu. Kullum da sassafe Auta sai ya saɓa buhun ya fice, ya dawo da laka har ƙirji da dasasshiyar murya. Inna ta yi faɗan wanki har ta gaji.

Ana cikin haka labari ya ɓulla daga gandun. Wani mai gadi ya hango wata baƙar dabba mai doro tana tafiya a bakin rafi. Sawunta faɗin faranti ne, da zane-zane a ciki, ga alamar doguwar jela tana jan ƙasa. Kukanta kuwa kamar na babbar mota mai ciwon ciki. Likitan dabbobi ya duba sawun, ya duba littattafansa, sannan ya nemi hutu.

Masu gadi suka fara sulalewa. Ɗaya ya ce surukarsa ba ta da lafiya, kuma shi kaɗai take yarda ya ba ta magani. Wani ya tuna ashe noma ne gadonsu. Masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Manaja ya aika a kira masa yaron nan mai ture kujera.

Wannan karon Inna ce ta sa mayafi ta bi shi har ofis.

"Ranka ya daɗe, in za ka tura min ɗa bakin dodo, to ka ba shi bindiga. Biyu ma."

"Hajiya, doka ce ta hana."

"Ita dabbar ta san dokar?"

Manaja ya buɗe durowa ya daɗe yana lalube, sannan ya miƙa wa Auta usur.

Washegari da gari ya fara wayewa aka yi kwanton ɓauna a bakin rafi. Ragowar masu gadi suka kwanta cikin ciyawa, bindigogi a ɗane, an ba su umarnin su harbi duk abin da ya motsa. Auta yana tsakiyarsu da usur a baki, haƙoransa suna karo da juna har usur ɗin yana ɗan kuka da kansa. Suka harbi kututture. Suka harbi wata baƙar leda da iska ta kwaso. Dabba ba ta zo ba.

Kashegari ma haka, wanshekare ma haka. Kullum Auta yana cikin sahu, kullum bakin rafi tsit. Ruwan sama ya wanke tsohon sawun, sabo bai fito ba.

Tsohon cikin masu gadin ne ya warware zancen. Ya kama hannun Auta ya shinshina, ya gyaɗa kai. "Akwai masu irin wannan jinin. Tun daga nesa dabba take jin ƙamshinsu ta bar gari."

Nan take aka ɗauke shi aiki, aka ba shi malafa da takalmi. Manaja ya ce bindiga sai ya cika sha takwas, ko da yake a ganinsa yaron shi kansa bindiga ne. Mai surukar nan ya dawo, ya ce ta warke. Baba ya riƙa gaya wa masu sayen ƙusa cewa jinin daga wajensa yaron ya gado shi.

Da Auta ya sami ranar hutu, sai ya mayar wa Kawu buhunsa. Ya zazzage kayan a gaban shagon: faifan taya guda huɗu na ɗaurawa a hannu da gwiwa, baƙin bargo na kare ƙaya, guntun salansar mota na busawa don korar namun daji, da doguwar sandar da yake ɗaurawa a ƙugu a madadin bindiga.

Kawu ya tsura wa kayan ido. "Wai a ina ka riƙa yin atisayen nan?"

"Bakin rafin gandun mana, ta ƙarƙashin waya nake shiga," in ji Auta. Ya dafe ƙirji. "Allah ne ya tsare ni, Kawu. Kullum da safe a daidai wurin nake rarrafe ina busa, amma ko sau ɗaya ban taɓa haɗuwa da ita ba."