Ranar da Malam Nouhou Ya Bar Ɗakin Gwaji

Uban amarya kike tambaya, Hajiya Bebi? Ga shi can bakin ƙofa, mai farar hula, wanda ba a ba shi kujera ba. Kuma don Allah ki bar cewa ɗan ƙwaya a wajen bikin nan. Matso in gaya miki.

Malam Nouhou tun zuwansa Greensboro daga Maraɗi tirela yake ja. Wani sanyi da aka yi, tari ya kama shi, abokinsa ya ba shi maganin ruwa da aka zo da shi daga gida. Ya sha, ya ji sauƙi, ya fita aiki. Kamfani suka kira shi gwajin fitsari, irin wanda ba a sanarwa. Ashe akwai kodin a ciki. Maganin kuwa ba likita ya rubuta masa ba, don haka ba wanda ya saurare shi. A ranar suka karɓe makullin motar.

A ƙasar nan in haka ta same ka, sunanka ya shiga kwamfuta, duk mai ɗaukar direba yana gani. Sai ka je wajen masu ba mashaya shawara, su sa ka a aji, ka gama, sannan a sake gwada ka. Dattijon da ko taba bai sha, ya riƙa zama cikin mashaya yana jin labarinsu. Bai fasa ko ɗaya ba.

Mutanenmu ba su jira ba. In ya shigo sahu a masallaci sai ka ga an ɗan matsa. Matarsa Suwaiba ta daina zuba masa abinci da hannunta, sai ta bar tukunya a kan kuka. Yayanta Alhaji Iliyasu, mai tirelolin nan a Pleasant Garden, ya ce masa a gaban direbobinsa, "Malam, da gemun naka?"

A cikin wannan halin muka kai kayan sa ranar 'yarsa Khairiyya. Kin san mutumin da kunya. Da ya ji an ce angon, Muzammil, ne ya kawo mu yana waje cikin mota, tashi ya yi ya shige ɗaki ya ja labule. Suruki dai, ko ruwa ba ya iya sha a gabansa.

Da ya gama ajin, Suwaiba ta yi ta kuka sai da Iliyasu ya yarda zai ba shi mota ɗaya. Amma ya ce, "In gwajin ya fito da tsabta, ka hau. In ba haka ba, kada in sake ganin ƙafarka a garejina." Iliyasun ne ya zaɓi wurin gwajin, wani ɗan ƙaramin kilinik a gabashin gari. Malam ya yi wanka, ya sa kaftaninsa, ya sha ruwa da yawa. Har man girki ya hana a zuba masa a miya, wai kada a ga wani abu.

Abin da ba kowa ya sani ba, gwajin komawa aiki ba irin na farko ba ne. Ba a barin ka kai kaɗai. Dole namiji ya shiga da kai. Ka ɗaga riga sama da cibiya, ka sauke wando, ka juya ya duba ka gaba da baya, sannan ya tsaya yana kallo har ka cika robar. Malam ya san da haka. Ya ce zai daure, ai baƙo ne, ba za su sake haɗuwa ba.

Matar da ke karɓar mutane a bakin kanta ta kira sunansa. Ma'aikaci ya fito da safar hannu, ya ɗago kai, sai ya tsaya. Ya koma wajen shugabarsu ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ta girgiza kai. Ya sake yi mata. Ta ce shi kaɗai ne namiji a ranar, kuma an riga an fara, ba a fasawa.

Suka shiga, aka rufe ƙofa. Malam ya kama gefen kaftaninsa. Ma'aikacin yana kallon ƙasa, doka kuwa ta ce ya kalla. Can Malam ya saki kaftanin, ya ajiye robar a bakin famfo, ya buɗe ƙofa.

Matar ta bi shi har waje tana cewa in ya tafi za a rubuta ya ƙi gwaji, kuma daidai yake da an kama shi karo na biyu. Ya ce mata ya ji.

Kafin la'asar Iliyasu ya kira kowa. "Na gaya muku. Mai tsabta ba ya gudu." Suwaiba ta kwashe kayanta ta koma ɗakin 'yarta. Ta tambaye shi dalili, limam ya tambaye shi, bai ce komai ba. Yanzu kwalaye yake ɗauka a wani sito, da wannan bayan nasa. Satin da abin ya faru kowa ya rikice, har Muzammil ya ajiye aikinsa ya daina cin abinci, sai da na zaunar da shi na rantse ba zan tashi ba sai ya yi magana.

To ki ci gaba da kiransa abin da kike so, Hajiya. Ni bari in tashi, dangin amarya suna jiran shinkafa, kuma sai na sa an kai wa dattijon nan kujera. Yaron da aka rufe su tare a ɗakin gwajin, ga shi can cikin babbar riga ana yi masa liƙi, ɗana ne Muzammil.