Hannun Bayan Labule

Karo na goma sha biyu ke nan Ghanshyam Ojha yana hawa matakalar gidan nan na Nagaur, kuma kowane hawa ji yake kamar ya yi jifa da jakar maganinsa ya koma gida. Shekara talatin yana ɗora yatsu uku a wuyan hannun mutane, yana gane wanda iska ta yi wa yawa, da wanda wuta ke ci, da wanda majina ta danne. Bai taɓa gamuwa da jikin da ya raina masa wayo irin na Maji Kesar ba.

Tsohuwar ta haura saba'in. Tun ranar da aka ƙone gawar mijinta babu baƙon namijin da ya sake ganin fuskarta, don haka ta bayan labule ake miƙo masa hannu, a naɗe da siririn mayafi har yatsu. Muryarta ce kawai ba ta san kulle ba.

Tun zuwan farko jijiyar abu ɗaya ta faɗa masa: wuta. Tsalle take yi kamar kwaɗo. Ya hana barkono da tafarnuwa da citta, ya hana nono mai tsami da gurasar gero, ya hana shan hantsi. Ya ce a ba ta kokwamba da rumman da madara mai sanyi.

Sai ciwon ya ƙara gaba. Gwiwoyi suka riƙe, ciki ya ɗaure, barci ya ƙaurace, sanyi ya shiga har ƙashi. Ko ɗan koyo ya ji wannan zai ce iska ce. Amma mahaifinsa ya koya masa cewa bakin marar lafiya yana iya ruɗi, jijiya ba ta yi. Ya ƙara tsananta dokar, abin ya ƙara lalacewa.

Haushinsa sai ya koma kan Sugan, matar ɗan gidan, wadda ba ta fitowa sai ya gama dubawa, lulluɓi har ƙirji.

"Bindani, ke ce mai girki," ya ce mata makon jiya, da sunan da ake kiran matar ɗa. "Me kike ba ta a ɓoye?"

"Abin da ka ce, shi take ci, Waidya-ji," ta amsa, da sunan girmamawa da ake kiran mai magani.

"Ciyawa kake ba ni kamar akuya," in ji tsohuwar daga ciki, "kuma ka zo kana tuhumar yarinya."

Yau ɗanta Bhanwar Singh ne ya tare shi a ƙofa, ko gaisuwa babu. "Maji ta daina iya miƙewa. In mako ya zagayo a haka, asibitin Jodhpur zan kai ta, kuma duk kasuwa sai ta ji wanda ya kwantar da ita."

Ghanshyam ya haɗiye maganar. Zancen kasuwa ya yi masa zafi, amma abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ya san matar nan ba za ta ga ƙarshen sanyin bana ba in aka ci gaba a haka, kuma shi bai san inda ya kuskure ba.

Ya zauna a gaban labulen. Hannun ya fito. Ya ɗora yatsunsa, ya rufe ido. Kwaɗon yana nan yana tsalle, sai dai yau akwai wani abu sabo a ƙarƙashinsa, cikakke, mai santsi. Ya san shi sarai. Ya sha jin sa a gidaje da yawa, amma ba a ɗaki irin wannan ba. Ya saki, ya sake kamawa, har sau uku.

"Yau kuma wace ciyawar za a ƙara min?" tsohuwar ta tambaya, muryar da ƙyar take fita.

Takaicin wata uku ya taso masa. Ya riƙe hannun gam don kada a janye, sannan ya ce:

"Bindani, ina taya ki murna, ciki gare ki na wata biyu. Yanzu ki matsa gefe, ki miƙo min hannun uwar mijinki."