Ƙuri'ar Ramla

Tun da Dabo ya shigo zauren gidansu a Ƙofar Marusa ya kasa haɗa ido da ita, Ramla ta san da magana. Soja sun ce za su miƙa mulki, shi kuma ya fito takarar shugaban ƙaramar hukuma.

"Manyan jam'iyya sun ce in janye maganar aurenmu," ya faɗa yana murza hularsa. "Ke da bakinki kika faɗa a lacca cewa kakanki daga Maraɗi ya zo. Har 'yan adawa sun fara yaɗa cewa baƙuwa zan aura."

Ita da ta ƙare ƙuruciyarta a jami'a tana binciken wane ne ɗan ƙasa, har garuruwan mai na kudu ta je tana tambayar wa ke da haƙƙin arzikinsu, yau ita ce baƙuwa a gidan da aka haifi ubanta.

Ta ce, "To, ranar zaɓe fa? Ƙuri'ata ma ta Maraɗi ce?"

Ya ɗago da sauri. "Haba Ramla! Ita kam ai muna buƙatarta."