Buhu a Kan Kujera

"Wannan fa?" in ji dillalin motoci, yana kallon wani mutum mai rigar da baƙin mai ya rine.

"Makanikena ne," saurayin da ya zo sayen mota ya amsa, don abokan aikinsa biyu na buro suna tsaye.

Wansa ne, ciki ɗaya, wanda ya bar lakwal, wato makaranta, ya kama sifana don shi ya yi karatu. Takanas ya taso daga Dogarawa ya taya shi zaɓen mota a Konni.

Wan ya nufi motocin. Ya dafa injin ta farko, ya ji ɗumi. "An tada ta kafin mu zo, wuyar tashi gare ta." Ya bi ta biyu da maganaɗisu, ya ƙi kamawa a ƙofa. "Ciko ne aka rufe da fenti." Ya daɗe kwance ƙarƙashin ta uku, sannan ya fito.

"Wannan za ta ɗauki iyali lafiya, maigida."

Da aka biya kuɗin motar za su tafi, saurayin ya buɗe ƙofar gaba, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, shigo."

Wan ya zagaya baya, ya shimfiɗa buhun siminti a kan kujera, ya zauna a kai.

Har Dogarawa saurayin bai iya kallon madubin da ke nuna baya ba.